Tambayoyinku: Tarukan baƙar fata a Niyok, da mu ake ko ba da mu ba?

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga waje ɗaya suka fito, mutanenmu mazauna birnin Niyok da kewayensa, daga Bronx da Harlem da Brooklyn har tsallaken kogi can Newark, kuma duk a kan tarukan baƙaƙen fatar Amurka suke tambaya, na wasa da na al'ada da na gyaran unguwa. Na zaɓi biyar daga ciki.

TAMBAYA: Anti salamu alaikum. Ina zaune a Bronx da maigidana da yaranmu. Maƙwabciyata baƙar fata ce 'yar nan, tsohuwa mai kirki sosai, duk rani sai ta gayyace mu bikin layinsu, su rufe titi su gasa nama yara su yi ta wasa, ga kuma wani fareti da take ta cewa mu je Harlem mu gani. Abban yara ya ce ba namu ba ne, giya ce da alade da tsiraici kawai. Ni kuma wallahi kunyar matar nan nake ji. Ya zan yi? Daga wata uwa a Bronx.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kunyar nan da kike ji tana kan hanya, don tsohuwar nan ba rashin abin yi ne ya sa take kiranku ba, a wajensu duk wanda aka kira bikin layi an karɓe shi ke nan a matsayin ɗan unguwa, wanda kuma aka yi ta kira yana ƙin zuwa to a hankali za a ɗauka ƙyamar mutane yake yi ko da ba haka ne a ransa ba. Maigidanki ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, akwai inda abubuwan da ya lissafa suke, sai dai ya yi wa tarukan kuɗin goro ne alhali ba iri ɗaya ba ne sam.

Bikin layi da rana ake yinsa, sai an nemi izinin hukumar birni kafin a rufe titi, kuma galibi tsofaffin matan layin ne ke riƙe da shi, su ke tara kuɗi su sayo gawayi da lemo su ɗauko hayar gidan robar nan da ake hura wa iska yara su yi ta tsalle a ciki. Za ki ga kaka da jika, in ƙarshen Agusta ne za ki ga ana raba wa yara jakar makaranta da littattafan rubutu, wani sa'in har da teburin masu gwada hawan jini kyauta. Wasu maza za su riƙe kwalba a gefe, wannan haka yake, amma in an miƙo miki kika ce ba kya sha shi kenan magana ta ƙare, ba mai tsare ki. Zancen abinci kuwa ki tambaya kai tsaye kar ki ji nauyi. Haƙarƙarin da suke gasawa yawanci na alade ne, ganyen da suke dafawa da kuma wake sau tari ana jefa ƙashin alade a ciki saboda ɗanɗano, wasu kuma da kyafaffen talo-talo suke yi, to ido ba zai raba miki ba sai kin buɗe baki. Ba kuma za su yi mamakin tambayar ba, a cikinsu akwai Musulmi da yawa tun iyaye da kakanni, akwai ma waɗanda ba su musulunta ba amma sun bar cin alade tun zamanin da wa'azin su Malcolm X ya ratsa unguwannin nan. Soyayyen kifi da gasasshiyar masara dai ba su cika ɓacewa ba. Abin da ya fi sauƙi, ki dafa babbar tukunyar dafa-duka ki kai, kin ga kin samar wa yaranki abin ci kuma ba ki je hannu rabbana ba, don su ma ba sa son mutum ya zo haka kawai ya ɗauki faranti.

Faretin Harlem da take faɗa miki kuwa, shi ne na ranar baƙaƙen Amurka, an fara shi a 1969, shekara guda bayan kashe Martin Luther King, ana yinsa Lahadi ta uku a watan Satumba a kan titin Adam Clayton Powell. 'Yan makaranta ne masu badujala, da ƙungiyoyin ma'aikata, da ma'aikatan jinya da 'yan kwana-kwana da 'yan siyasa, iyaye na tsaye a gefen titi da yara a kafaɗa. Ban ga abin da zai hana ki kai yaranki ba, yaro baƙi da yake tasowa a ƙasar nan yana buƙatar ya ga masu irin fatarsa cikin kakin aiki ana tafa musu.

Wanda nake zaton Abban yara yake nufi shi ne bikin mutanen Karibiyan da ake yi a Brooklyn kan titin Eastern Parkway ranar Litinin ta farko a Satumba, 'yan Jamaika da Tirinidad da Haiti da Barbados. Wannan taro ne na fiye da mutum miliyan ɗaya, kiɗa kamar zai tsaga ƙirji, shigar masu rawa kuma ba irin wadda za ki so ki tsaya kallo da mijinki da 'ya'yanki ba ce, sannan shagalin da suke farawa tun kafin asuba an sha samun harbe-harbe a cikinsa a wasu shekarun. Al'adarsu ce mai tarihi tun murnar fita daga bauta, ban raina ta ba, amma ba zan ce miki ki je ba.

In kina so maigida ya sauko, kar ki yi gardama da shi, ki roƙe shi ya raka ku kasuwar DanceAfrica da ake ci a Brooklyn ƙarshen watan Mayu, wadda marigayi Chuck Davis ya kafa bikinta a 1977, ko bikin fasahar Afirka da ake yi a Brooklyn ɗin dai farkon Yuli tun 1971. In ya ga manyan riguna da huluna da turaren wuta da mata cikin lulluɓi suna ciniki, shi da kansa zai gane akwai wanda za a je akwai wanda za a bari.

TAMBAYA: Anti ni direban tasi ne, a Newark nake kwana ina aiki a Manhattan. Gaskiya ban ga dalilin da zai kai ni taronsu ba. Ba sa son mu, wani fasinja ya taɓa ce min mu ne muka sayar da kakanninsu yanzu kuma mun biyo baya cin arziƙin da suka sha wuya a kai. Kuma ga su nan a nan aka haife su amma da yawa ba su tsinana komai ba. Ni neman kuɗi ya kawo ni ba taro ba.

AMSA: Ƙanena, maganar fasinjan nan ta yi maka zafi na sani, kuma bai kyauta ba da ya ɗora maka laifin da aka yi ƙarnoni kafin a haife ka. Amma jimlarka ta ƙarshe kafin zancen kuɗi ita ta fi damuna, kuma a kanta zan tsaya, don irin ta ce ake faɗa a majalisunmu kullum ba mai tankawa, su kuma suna ji, ba kurame ba ne.

Bari in tambaye ka, ta wace ƙofa ka shigo ƙasar nan? Kafin 1965 dokar shige da fice ta Amurka an gina ta ne don turawan arewacin Turai, ƙasar Afirka guda gurbin mutum 100 kacal ake ba ta a shekara. Dokar da ta rushe wannan tsari shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu a Oktoban 1965, kuma ba daga sama ta faɗo ba, ta biyo bayan dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 da dokar 'yancin zaɓe ta Agustan 1965 ne, waɗanda mutanen nan suka samo da duka da ɗauri da cizon karnukan 'yan sanda da jana'izar 'ya'yansu. A 1961 jakadan Chadi sukutum, a hanyarsa daga Niyok zuwa Washinton, ya tsaya wani gidan abinci a jihar Maryland aka hana shi kofi saboda fatarsa. Jakada fa. To kai da kake tsayawa duk inda ka ga dama ka sayi shayi ka yi alwala ka wuce, ruwan rijiyar da wasu suka haƙa kake sha, kuma ina aka shirya haƙar? A irin tarukan nan da ka ce ba za ka je ba, a ɗakin ƙasan coci da zauren ƙungiya da shagon aski. Ƙungiyar NAACP mai fafutukar kare haƙƙin baƙar fata a Niyok aka kafa ta a 1909, takwararta Urban League ma a nan a 1910.

Zancen ba su tsinana komai ba kuwa, ka san tun shekarun 1930 aka zana taswirar birane aka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, bankuna suka ƙi ba da bashin sayen gida a cikinsu, kuma sai 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya wajen sayarwa da hayar gida? A Amurka gida shi ne dukiyar da uba ke bar wa ɗa, mutanen da aka hana kakanninsu mallaka ba za ka auna su da kai da ka zo da ƙarfinka da karatunka da dangin da suka haɗa maka kuɗin jirgi ba. Duk da haka a cikinsu aka samu Shirley Chisholm ta Brooklyn, mace baƙa ta farko da ta ci zaɓen majalisar tarayya a 1968, da David Dinkins da ya zama magajin garin Niyok a 1990, da likitoci da alƙalai da malaman makarantar da 'ya'yanka za su zauna a gabansu. Wanda ka gani a bakin titi da daddare ba shi ne al'ummar ba.

Sannan ka tuna Amadou Diallo. Ɗan Gini ne, Bafulatani Musulmi mai talla a titi, ranar 4 ga Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansu a Bronx, 19 suka same shi, ba makami a hannunsa sai walat. Ba wanda ya tambaye shi ko kakansa bawa ne ko mai sayar da bayi. Su wa suka cika titi? Baƙaƙen Amurka ne a gaba, su ɗan gwagwarmaya Al Sharpton, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar hedikwatar 'yan sanda har aka kama fiye da mutum dubu, Dinkins da kansa yana cikin waɗanda aka sa wa ankwa. Mu a lokacin yawancinmu tsoron takardu ya hana mu fitowa, su suka tsaya wa ɗanmu.

Game da cinikin bayi, in aka sake faɗa maka kar ka musa, an yi sarakuna da fatake a Afirka da suka sayar da mutane, gaskiya ce mai ɗaci. Abin da za ka ƙara masa shi ne waɗanda aka sayar ɗin ma namu ne. Mahommah Baquaqua mutumin Djougou ne a ƙasar Benin ta yau, mahaifiyarsa Bakatsiniya, aka sayar da shi Barazil, a 1847 jirgin ubangidansa ya tsaya a Niyok ya tsere da taimakon masu yaƙi da bauta na birnin nan. Ka ga ashe tun wancan lokacin ana tarbar namu a nan.

Akwai kuma wani ciwo da ya shafi sana'arka kai tsaye. Shekara da shekaru baƙar fata a Niyok yana ɗaga hannu tasi na wuce shi ta ɗauki bature a gaba, har ɗan wasa Danny Glover ya kai ƙara hukumar tasi a 1999 a kan haka, kuma da yawa daga masu wucewar nan baƙi ne irinmu. To in fasinja ya shigo maka da fushi, wataƙila mota biyar ce ta wuce shi kafin kai.

Ban ce ka bar aiki ka bi taro ba. Newark ɗin da kake kwana cike take da baƙaƙen Amurka Musulmi, ka yi Juma'a ɗaya a masallacinsu maimakon namu, ko in kana Harlem ka shiga masallacin Malcolm Shabazz a titi na 116, ko At-Taqwa a Brooklyn, wanda a 1988 jama'arsa suka yi kwana 40 suna sintiri dare da rana har suka kori dillalan ƙwaya daga layukansu. Ka tsaya bayan sallah ka gaisa, in an yi rasuwa ka bi jana'iza. Zumunci a ƙafa yake, kuma za ka sha mamakin yadda suke ɗokin jin labarin gida daga bakin wanda ya zo da ladabi.

TAMBAYA: Malama, makarantar 'yata sun turo takarda wai za a yi bikin Kwanzaa, yara su sa kayan Afirka. Na ga hoton kyandirori. Addini ne? Kuma mene ne Juneteenth da ake ba mu hutu a wurin aiki? Daga wani uba a Brooklyn.

AMSA: Malam, Kwanzaa ba tsohon abu ba ne kuma ba daga Afirka aka kawo shi ba. Wani malamin jami'a ɗan gwagwarmaya, Maulana Karenga, shi ya ƙirƙiro shi a Kalifoniya a 1966, ana yinsa daga 26 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu, kowace rana a kunna kyandir ɗaya a tattauna ɗabi'a ɗaya cikin bakwai da aka sa wa suna da Swahili, irin su haɗin kai da dogaro da kai da aikin gayya da tallafa wa kasuwancin juna. Masu yinsa suna cewa al'ada ce ba ibada ba, Kirista na yi Musulmi na yi. Inda za ka sa ido shi ne a wasu tarukan ana zuba ruwa a ƙasa ko a tukunyar shuka ana kiran sunayen magabata, wannan ɓangaren ka tambayi malamar ajin ko yana ciki, in yana ciki ka ce 'yarka za ta zauna gefe, makarantun gwamnati ba sa tilasta yaro a kan abin da ya taɓa imaninsa. Hukuncin shari'a kuwa na malamanka ne ba nawa ba, ni dai na faɗa maka abin da ake yi a wurin. Amma kayan Afirka kam ka ɗinka mata mai kyau, wannan rana ce da ba za a yi mata dariyar sunanta ko ɗankwalinta ba.

Juneteenth tarihi ne zalla. Ranar 19 ga Yunin 1865 sojojin tarayya ƙarƙashin Janar Gordon Granger suka sanar a Galveston ta jihar Teksas cewa bayi sun 'yantu, fiye da shekara biyu bayan shelar 'yanta bayi ta shugaba Lincoln. Mutanen Teksas suka riƙe ranar tun daga nan suna yaɗa ta duk inda ƙaura ta kai su, sai 2021 ta zama hutun ƙasa baki ɗaya. Ana fareti da jawabai da cin abinci a filin shaƙatawa. In kana so yarinyar ta fahimci ranar, ka kai ta Weeksville nan Brooklyn kusa da ku, unguwar da 'yantattun baƙaƙe suka kafa a 1838, shekara 11 bayan an soke bauta a jihar Niyok, har yau akwai tsofaffin gidajensu na katako a tsaye.

TAMBAYA: Anti ina da shagon kitso a Harlem. Haya kullum hawa take, gidan da muke ciki kuma hita ba ta aiki da sanyi, ga shara a ƙofar shago. Wata kwastoma ta ce in je taron kwamitin unguwa. Ni girin kad, takardar zaman dindindin, kawai gare ni kuma Turancina bai nuna ba. Ba zan jawo wa kaina matsala ba? Daga mai kitso.

AMSA: Hajiya kwastomar nan masoyiyarki ce, ki riƙe ta. Birnin Niyok yana da kwamitocin unguwa 59, kowanne da mambobi har 50 da ba a biyansu, shugaban gunduma ke naɗa su, rabinsu kansiloli ke ba da sunayensu. Na tsakiyar Harlem shi ne na 10 a Manhattan. Suna zama wata-wata ban da tsakiyar rani, ƙofa a buɗe take ga kowa, ba mai tambayarki takarda, ki je da wuri ki rubuta sunanki a ba ki minti biyu ko uku ki faɗi damuwarki. Ba su da ikon zartarwa, shawara suke bayarwa a kan gine-gine da lasisin gidan giya da kasafin kuɗi, amma amfanin zuwan shi ne wakilan kansila da na hukumar shara da na 'yan sanda suna zaune a ɗakin, kuma ƙorafin da aka yi a gaban mutane da wanda aka yi a waya ba ɗaya ba ne. Turanci kar ya hana ki, ki rubuta jimla biyar a takarda 'yarki ta gyara miki, ko ki tafi da kwastomar ta tsaya kusa da ke. Ki je da hotunan sharar a wayarki, in kuma masu kitson layin ku shida kuka shiga tare to kun fi ƙarfin a manta da ku.

Gaskiya taron yana da gajiyarwa, za a yi ta karanta rahoto ana gardama a kan fitilar titi har ki fara hamma. Amma ki dubi waɗanda suka cika kujerun, tsofaffin mata ne baƙaƙe da suka riƙe Harlem lokacin da masu gidaje ke gudu suna barin gini ya ruɓe, kuma yanzu da unguwar ta yi tsada su ma korarsu ake yi, baƙaƙen birnin sun ragu da kusan dubu 200 cikin shekara 20, da yawa sun koma kudu. Hayar da ke cin ki ita ke cin su.

Zancen hita na ƙungiyar 'yan haya ne, ki tambayi maƙwabta ko gininku yana da ita, in babu ku kafa, doka ta ba ku dama, ku kuma riƙa kiran 311, layin kai ƙorafi na hukumar birni, kowa da kansa kuna ajiye lambar ƙorafi. Irin wannan haɗuwar ta 'yan haya, musamman a Bronx, ita ta sa a 2017 Niyok ta zama birni na farko a Amurka da ya yi dokar bai wa talakan da ake son fitarwa daga gida lauya kyauta. Ke kanki sana'arki ta ci moriyar fafutukar matan nan, a 2019 jihar Niyok ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda kitso ko irin gashinsa, matan da a da suke tsoron zuwa ofis da kitso yanzu su ne ke layi a shagonki.

Abu ɗaya zan ja miki kunne da babbar murya. A irin tarukan nan da bukukuwan titi akwai tebur na masu rajistar zaɓe, za su tare ki da fara'a su miƙo fom. Kar ki cika, kar ki sa hannu, sai ranar da kika zama 'yar ƙasa. Mai girin kad da ya yi rajista ko ya jefa ƙuri'a zai iya rasa takardunsa har a mayar da shi gida, ko da bisa rashin sani ya yi. Wanda aka yarda ki yi shi ne ƙuri'ar kasafin unguwa da wasu kansiloli ke shiryawa, inda mazauna ke zaɓar aikin da za a kashe wa kuɗi, wannan ba ruwansa da takardar ɗan ƙasa, har yaro ɗan shekara 11 yana yi.

TAMBAYA: Anti ni makaɗin kalangu ne, zan ziyarci yayana a Niyok da rani. Ina son ganin wasanninsu kuma in samu inda zan buga, amma aljihun ba nauyi.

AMSA: Sannu maigida, Allah ya kawo ka lafiya. Ka fara da abin da ba a biya. Da rani masu ganguna suna haɗuwa ranar Asabar a filin Marcus Garvey da ke Harlem, ranar Lahadi kuma a filin Prospect na Brooklyn, an yi shekaru da dama ana haka, na Harlem ɗin ma sai da suka sha rigima da sababbin masu kuɗin da suka tare gefen filin suna ƙorafin ƙara, ba su daina ba. Ka je da kalangunka amma kar ka faɗa tsakiya daga zuwa, ka tsaya ka saurara, ka gano dattijon da ke jan kiɗan ka gaishe shi ka nemi izini, in ya ba ka ka bi bugunsu tukuna kafin ka nuna naka. Yawancinsu gangunan Gini da Sanagal da Kuba suka saba da su, in suka ji kalangu na magana za su kewaye ka da tambaya.

Cibiyar Schomburg da ke titi na 135 laburare ce ta tarihin baƙar fata, shiga kyauta, asalinta tarin littattafan Arturo Schomburg ne ɗan Puerto Rico da aka saya wa laburaren birni a 1926, suna yawan yin nune-nune da jawabai da yamma. Can ƙasan Manhattan kuma akwai maƙabartar 'yan Afirka da aka gano a 1991 wajen haƙa harsashin wani ginin gwamnati, aka tono ƙasusuwan mutum 419, jama'a suka tashi tsaye sai da aka mayar da su ƙasa cikin girmamawa a 2003. Ita ma kyauta ce, ka je ka yi musu addu'a.

In za ka kashe kuɗi sau ɗaya to ka kashe a daren 'yan koyo na gidan wasan Apollo da ke titi na 125, wanda ake yi ranar Laraba tun 1934, nan mawaƙiya Ella Fitzgerald ta ci gasa tana 'yar shekara 17. 'Yan kallo ne alƙalai, in ka burge su su tafa in ba ka burge ba su yi maka ihu har a fitar da kai daga dandali. Ka duba shafinsu kafin ka tafi don jadawalin yana canzawa. A Agusta kuma akwai makon Harlem, wanda ya faro da yini ɗaya a 1974, da kiɗa a fili kyauta. Sauran ƙananan taruka kuwa ka duba jaridar Amsterdam News da allon sanarwa na laburaren unguwa, ko ka tambayi mai aski.

Ka kula da bizarka. In ta ziyara ce ba a yarda ka yi wasa a biya ka ba, ko da bikin suna ne na 'yan'uwanmu aka ce za a sallame ka da dala ɗari biyu, yin hakan zai iya sa a soke ta a hana ka dawowa. Bugawa a fili don nishaɗi ba komai. In wata ƙungiya ta ji kiɗanka ta so ta gayyace ka wasa na kuɗi, ka karɓi lambarsu, akwai biza ta musamman ta masu fasahar gargajiya da su za su nema maka tun kana gida.